Ɗan Tambaya da Autar Kansila

Ranar da Auta ta fara ganinsa, yana zaune a falon mahaifinta Kansila, ya ajiye rikoda a kan tebur yana ta gyara tabarau. Ta dire tiren ruwa, ta ƙura wa jar fitilar rikodar ido.

"Ka nemi izinin Baba kafin ka kunna abin nan?"

"Na nema, ranki ya daɗe. Ɗalibin kimiyyar siyasa ne ni. Ina bincike kan yadda kansiloli ke riƙe magoya bayansu."

"Haka duk 'yan leƙen asiri ke cewa."

Ya yi dariya har tabarau ya zame. Ita kuwa sai da ta koma kicin ta yi tata.

Daga nan ta raɗa masa suna Ɗan Tambaya. Hira da Kansila ta ƙare, amma zuwansa bai ƙare ba. Saƙonni suka fara shigowa wayarta.

"Autata, tun safe nake kan shafi ɗaya, ban gane komai ba. Laifinki ne."

"Wannan ma cikin binciken ne?"

Duk da tsokanar, ta saki jiki da shi. Wata rana suna zaune a kan benci a ƙofar gida, ta gaya masa abin da daga Baba sai sakatarensa suka sani: Baba da babban abokin hamayyarsa, masu caccakar juna a wajen taro, aminai ne. Tare suke zama su tsara unguwar da za a fara kai wa famfo. Tana rufe baki ta yi da-na-sanin gaya masa.

Shi Kansila dama hankalinsa bai kwanta ba. "Yaro ya shigo mini gida da rikoda, yanzu kuma 'yata yake so? Wa ya aiko shi?"

Sakatare, wanda ya daɗe yana son Auta ba ta kula shi ba, shi ya tare ta a tsakar gida ya miƙa mata wayarsa. Mujallar jami'a ce ta sanar da maƙalun da za ta buga. Ga ta Ɗan Tambaya nan: "Gaba a Fili, Aminci a Ɓoye."

"Kin ga masoyin naki," in ji Sakatare. "Ga zaɓe ya matso. In wannan ta fito, jam'iyya korar Baba za ta yi."

Ta ɗauki wayarta ta rubuta masa: "Ashe ni ma hira kake ɗauka da ni. Kada ka sake nemana."

Amsa ta zo: "Autata, gobe zan zo in karanta ta a gaban Baba daga farko har ƙarshe. In kin ji maganarki a ciki, da hannuna zan janye ta."

Ya zo kuwa. Kansila ya harɗe a kujera, Sakatare na gefensa, Auta ta tsaya bakin labule tana jiran kalmar famfo. Ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe. Kansilolin wasu garuruwa ne, an sakaya sunayensu, ba famfo, ba unguwarsu.

"To taken fa?" in ji Auta. "Ina ka samo shi?"

"Kansiloli da yawa sun gaya mini irin haka tun ban san ki ba. Ranar da kika faɗa mini naki, na ga ba zan riƙe sirrin gidan nan kuma in yi rubutu a kansa ba. Sai na cire hirar Baba gaba ɗaya. Masu tantancewa suka dawo mini da maƙalar, wai hujja ta yi kaɗan. Zangon karatu guda na rasa ina sake neman mutane."

Kansila ya juyo. "Ke kika gaya masa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Baba."

Sakatare ya ce ana kiransa a waya, ya fice.

"Me ya hana ka gaya mini?" Auta ta tambayi Ɗan Tambaya a hankali.

"Kunya. Wa yake so budurwarsa ta ji an dawo masa da maƙala?"

Kansila ya dube shi ya ɓata fuska. "Wato duk bakin da na ɓata maka, ko layi ɗaya ban samu ba?"

Auta ta toshe baki, dariya da hawaye suka zo mata tare.

"Tashi ka ba ni wuri," in ji Kansila. "Ka turo manyanka."

Maƙalar ta fito, bayan zaɓe aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Kansila ya kama hannunta ya sa a na angon.

"Ga ta nan, ɗana, amana ce. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Auta ta ce amin cikin mayafi, ta ƙara damƙe hannun mijinta.