Allo Mai Koren Rubutu

Ranar kasuwar Illela ce, da la'asar sakaliya, Nafisa ta roƙi wanta Lawali ya ratse da ita wani ƙauye bayan Tajaye kafin su kama hanyar Konni. Ta ce abin minti goma ne. Lawali direban kamiyo ne, babbar motar kaya, siminti yake ɗauka daga Malbaza, ranar kuwa hutu yake, ba ya son wani kewaye. Amma ya san ƙanwarsa. Ya juya kan motar ya bi burtali, gero ya rufe su dama da hagu.

Nafisa ta yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a garin Tawa. Da ta dawo gida sai ta karɓe ɗakin da ke kusa da zaure, ta kafa abin da take kira sarba: tsohuwar ordinatar buro ce, irin ta ofis, marar allo, tana ƙarƙashin tebur tana gurnani a kan batir da fanon da ke tara wutar rana. A cikinta hotunan dangi suke, da karatun malamai, da takardun motocin gidan. A kan teburin akwai ƙaramin akwatin ƙarfe mai ƙofofi takwas, kowace ƙofa da 'yar fitilarta, kuma daga kusan kowace ƙofa waya ta fita ta bi saman katanga zuwa gidan wani ɗan'uwa. Haka ta raba wa dangi rezo, wato intanet, unguwa guda.

Abin da ta daɗe tana nema shi ne tarminal irin na da. Allo ne da kilabiye mai maɓallan rubutu kawai, ba shi da ƙwaƙwalwar kansa, abin da sarba ta faɗa masa shi yake nunawa da koren rubutu. Tana son sa ne don ko rezo ya faɗi gaba ɗaya, ta wannan allon za ta iya magana da injinta. Wani direba ne ya ba ta labarin akwai guda a buron wani furoje, aikin tallafin hatsi, da ya watse tun tana goye.

Sun tarar da mai gadin wurin, Baba Bawa, zaune gindin aduwa yana tufkar igiya. Ya saurare ta har ƙarshe. Ya ciro makulli daga wuyansa ya miƙa mata, bai tashi ba.

"Mi za ki yi da shi, ɗiyata?"

"Aiki zan sa shi, Baba."

Ya dubi rana, ta yi ja tana shirin faɗawa cikin gero.

"Ni dai ban ba ki ba, ban hana ki ba. In za ki shiga ki yi sallama."

Ta yi murmushi. Ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da Lawali ya sa kafaɗa, kuma a cikin kokawar nan sallamar ta fita daga ranta.

Ɗakin duhu ne, yana warin kashin jemage. Gara ta cinye takardu, rufin kwano ya ɓule. A lungu kuwa ga shi nan a kan tebur, fari mai ɗan rawaya, mai ƙaton ƙeya. Ba yanar gizo ko ɗaya a jikinsa. Ta sa hannu biyu ta ɗaga shi, sai ta tsaya cak.

Da ɗumi.

Ba ɗumin rana ba. Irin ɗumin tabarmar da wani ya tashi daga kanta yanzu. Shekara ashirin da wani abu rabon ɗakin da wuta. Ta ce a ranta kwanon rufi ne, ta rungume shi ta fito.

A hanya Lawali ya sauke gilashi. "Wanga abu naki shina wari," ya ce. "Kamar an ƙona gashi." Ita ma ta ji warin.

Kwana uku tana gyara. Ta buɗe bayansa ta tarar da cikinsa fes, kamar ana share shi kullum. Ta haɗa masa waya mai haƙora ashirin da biyar, ta nemo ɗan abin da zai sada ta da sarba, ta daidaita saurin maganarsu. Ranar Alhamis ta gama, gab da magariba.

Gidan yana cikin hidimarsa. Inna Delu, mahaifiyarsu, tana madafa tana tuƙa tuwo. Latifa, matar Lawali, tana ɗakinta na can ƙurya da jaririnta mai kwana tara, shekaranjiya aka yi suna. Lawali ya fita masallaci. Hadari ya taso daga gabas, iska ta ɗauke, awaki sun yi tsit.

Nafisa ta danna makunnin.

Allon ya yi ƙara siririya, irin ta sauro a kunne. Wani koren ɗigo ya bayyana a tsakiya ya bazu. Sai ga rubutun sarba, tana neman suna da kalmar sirri, yadda ya kamata. Nafisa ta tafa hannu don murna. Ta rubuta sunanta. Maɓallan suna da nauyi, kowanne yana amsawa ƙwas, ƙwas.

Kafin ta sa kalmar sirri, allon ya share kansa.

BA KI YI SALLAMA BA.

Ta ɗauka wani ɗan dangi ne ya kutso yana tsokanarta. Ta jawo wayarta ta hannu ta leƙa sarba ta can. Ba kowa a ciki. Ba wanda ya shiga, ba abin da aka aiko. Sarba ba ta ma san ana rubutu ba.

KIN ƊAUKO MANA ƊAKI. MUN ƘOSA DA ZAMA A MATSE.

Ta ƙura wa layin ido. Sannan ta lura da wani abu. Haruffan da ƙugiya suke. Wannan inji an ƙera shi a ƙasar da ba a san Hausa ba, tun kafin a haife ta. Babu ɗ a cikinsa, babu ƙ. Ba ta yadda zai iya zana su.

Warin ƙonannen gashi ya cika ɗakin.

Ta zare wayar da ta sada shi da sarba. Rubutun bai motsa ba. Ta zare wayar wutarsa daga bango. Siririyar ƙarar ta ci gaba.

MUN GA ƘOFOFI TAKWAS.

Ta juya ga akwatin ƙarfen. Kullum fitilunsa ƙyafta ido suke yi ba tsari, kamar taurari. Yanzu duk sun tsaya. Sai ta farko ta ƙyafta sau uku, a hankali, da tazara.

Kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Can ƙetaren katanga, a gidan Kawu Abdulwahab inda wayar farko take zuwa, jaki ya fasa kuka.

MUTUM SHA ƊAYA. BA WURI.

Fitila ta biyu. Sau uku.

AKWAI MAI KARATU. MUN WUCE.

Nan Nafisa ta gane. Gida suke nema. Kuma ita da hannunta ta shimfiɗa musu hanya zuwa ɗakin kowane ɗan'uwanta.

Ta fizge wayar wutar akwatin. Fitilun ba su mutu ba. Ta danne 'yar ƙugiyar waya ta uku ta zare, ta zare ta huɗu. Ta kai hannu ga ta biyar, wadda ta manna wa takarda ta rubuta Gwaggo Basira. Ƙanwar mahaifinsu ce, mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune a gida mai ɗaki uku.

Fitilar ta riga ta ƙyafta sau uku.

ITA KAƊAI CE. AKWAI WURI.

Nafisa ta zare wayar. Ta ji ta sakayau a hannu, kamar tiyon da ruwa ya gama wucewa.

TSOFAFFINMU SUN SAUKA. SAURA YARA.

"A'uzu billahi," ta ce, amma muryar ba ta fi numfashi ba.

Ta zare ta shida, ta zare ta bakwai. Saura ɗaya. Ta takwas ba ta fita gidan ba. Ta bi ta ƙasan zaure, ta ratsa tsakar gida, ta shiga ɗakin Latifa. Ƙugiyarta ta karye tun bara, Nafisa ta liƙe ta da gam don kada ta riƙa faɗuwa.

Ta ja. Ba ta fito ba.

Fitilar ta ƙyafta sau ɗaya.

Daga ƙuryar gida jaririn ya tsala kuka.

AKWAI SABO. BAI SABA DA SUNANSA BA TUKUNA.

"A'a," ta raɗa. "Ba wanga ba. Don Allah ba wanga ba."

Sau biyu.

Ta lanƙwasa wayar ta dunƙule ta cikin hannun dama, ta matse iya ƙarfinta. Sai ta ji su. Wani abu yana tafe a cikin wayar, dunƙule bayan dunƙule, kamar loma a maƙogwaro. Na farko ya iso tafinta ya tsaya. Na biyu ya turo shi. Sanyi ya huda mata yatsu, ya hau wuyan hannu, ya nufi gwiwa.

Jaririn ya yi shiru. Ba shirun barci ba. Shirun da aka yanke a tsakiya.

"Inna!" Muryar Latifa ce daga nesa. "Inna, zo ki gani, idanunshi!"

Nafisa ta buɗe baki ta yi kira, harshenta ya yi nauyi kamar danƙo. Filayarta ta yanke waya tana can ƙarshen tebur. Ta miƙa hannun hagu. Saura taƙi ɗaya.

Tabarmar da ke bayanta ta yi ƙara, kamar an zauna.

Sai wata ƙarar. Sai wata.

Numfashi mai ɗumi ya sauka a ƙeyarta. Maɓallan kilabiye suka fara sauka da kansu, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ba ta dubi allon ba. Ba sai ta duba ba, don an faɗa mata a kunne, da muryar ƙaramin yaro mai haƙoran tsoho:

"Saki."

Yatsanta ɗaya ya buɗe ba da sonta ba.

"Saki, Yaya."

Na biyu ya buɗe.

A daidai nan ladanin unguwa ya ɗaga murya. Lasifikar ta yi kakari, sannan kabbara ta fito. Numfashin da ke ƙeyarta ya ja baya kaɗan. Kaɗan ne ƙwarai, amma ya isa. Ta yi wurgi da jikinta kan tebur, ta cafki filayar, ta ɗora bakin filayar a kan wayar can gaban dunƙulen hannunta.

Ta datse.

Wani huci ya tashi a ɗakin, na mutane da yawa lokaci guda. Allon ya yi fari fat, ya tsuke ya koma ɗigo, ɗigon ya mutu. Ƙofar ɗakin ta bugu da bango.

Abin da ta ji na ƙarshe kafin ta faɗi, kukan jaririn ne, mai ƙarfi, mai fushi, ba ƙaƙƙautawa.

A ƙasa Inna Delu ta same ta, hannun dama a dunƙule, sai da Lawali ya dawo aka ɓamɓare yatsun. Liman ya zo ya yi karatu a ɗakin kwana uku. Lawali ya naɗe allon a buhu, da hantsi ya mayar da shi inda aka ɗauko shi. Yaron ya tashi lafiya. Yatsu uku na Nafisa kuwa ba su sake ɗumi ba, ko ta sa su cikin ruwan zafi. Da ta samu ƙarfi ta hau tsani da kanta ta kwance wayoyin nan daga saman katangu, ɗaya bayan ɗaya. Dangi suka yi ta mita an yanke musu rezo. Ta bar su suna yi.

Sai da ta yi kusan mako kafin ta iya taka gidan Gwaggo Basira. Da rana tsaka ta je, ta yi sallama sau uku tun daga zaure.

Ta tarar da tsohuwar a tsakar gida, ta yi kyau, har ta yi ƙiba. Tana wanke kwanoni. Nafisa ta dube su: huɗu. A inuwar ɗakin da ya shekara biyar a kulle an shimfiɗa tabarmi uku, an jera buta a gefen kowace.

"Gwaggo, baƙi kika yi?"

"Ke da kika turo min su kike tambaya?" Ta yi dariya tana ɗauraye kwano. "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Da kaɗaici ya kusa kashe ni. Mutane ne masu ladabi, ba su da hayaniya."

Nafisa ta sake duban tabarmin, ba kowa a kansu.

"Abu guda dai," Gwaggo ta ce, ta sassauta murya, ta waiga wajen tabarmin. "Sun ce an raba su da ɗiyansu bisa hanya. Kullum magariba sai sun tambaye ni ina ne ɗakin jaririn Lawali. Na ce su yi haƙuri, ƙafata ta yi sauƙi, ran Juma'a ni da kaina zan raka su barka."

Ranar Laraba ce.

Kafin la'asar Lawali ya ɗauki Latifa da yaron zuwa gidan iyayenta a Illela, ko kayan sawa ba su gama haɗawa ba. Ran Juma'a Gwaggo Basira ta zo cikin sabon zane. Ta tsaya a zaure ta yi sallama, sannan ta matsa gefe, ta riƙe labule, tana jiran waɗanda ke bayanta su fara shiga.