Ba Duka Ba, Umma

Auta na zaune a kan tabarma a ƙofar falo, ta ɗora wani littafi mai kauri a cinyarta. Saurayinta Dogo yana gefe a kan benci, hannuwansa duk tawada, don daga shagon buga takardu inda yake aiki ya wuce nan kai tsaye. Jarrabawar shiga makarantar lauyoyi yake shiri, kuma ɓangaren da ya fi ba shi wuya shi ne na tantance hujja: a ba ka maganar wani, a ce ka nuna inda ta yi rauni. Ita Auta malamar yara ce, amma kullum da yamma ita ke karanta masa tambayoyin.

"To saurara," in ji ta. "Wani ya ce, duk ɗaliban da suka ci jarrabawa bara sun sha shayi da safe, saboda haka shayi ne ke sa a ci. Ina ramin?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Kai! Ai da ni na fi kowa ci, don ni da buta nake sha."

"Don Allah, ka bar wasa mana!"

"To, bai faɗa mana waɗanda suka faɗi ba. Ƙila su ma sun sha. Don abu biyu sun zo tare, ba shi ne ke nuna ɗaya ya haifi ɗaya ba."

Ta tafa hannu. "Yauwa, lauyana!"

Daidai nan Umma, mahaifiyar Auta, ta ɗaga labule. Dogo ya zame daga bencin ya durƙusa yana gaishe ta. Ta amsa da ƙyar, ba ta ko dubi inda yake ba, ta ce wa Auta in ta gama ta same ta a ɗaki.

Da Auta ta shiga, ta tarar da Yaya, babbar 'yar Umma, tana tsefe wa ƙaramar 'yarta kai. Tun da mijinta ya tafi ƙaro karatu ya samu wata a can, ya aiko mata da saki ta waya, Yaya ta dawo gida, dariyarta ma ta zama sai an roƙa.

"Yaron nan," in ji Umma, "in ya ci jarrabawar nan tafiya zai yi?"

"Eh, Umma. Makarantar ba a garin nan take ba."

"To ki sallame shi tun da wuri. Ban da wata 'yar da zan sake bayarwa a yi karatu a kanta. Ga yayarki nan, ita ta wanke wa mijinta, ita ta dafa masa, ita ta riƙe masa fitila. Da ya ga haske sai ya manta da wadda ta riƙe fitilar. Haka suke."

Sai bakin Auta ya riga hankalinta.

"Umma, ai wannan kuskure ne a hujja. Mutum ɗaya kika gani, kika yanke wa duka hukunci. A littafin ma akwai irinsa, ana ce masa gaggawar yin kuɗin goro. Don mijin Yaya ya..."

Tsinken tsifa ya faɗi daga hannun Yaya. Ta ja 'yarta suka fice.

Umma ta daɗe tana kallon Auta, idanunta sun kaɗa.

"Au, ciwon 'yata ne ya zama tambayar jarrabawa? To na ji, ba duka ba. Ke mai ilimi, nuna min shaidar cewa wannan ba ya cikinsu."

Auta ta laluba duk abin da ta karanta, ba ta samu komai ba. Dogo yana da kirki? Mijin Yaya ma da kirkinsa. Ya yi alkawari? Wancan har kuka ya yi ranar tafiya. Sai hawaye kawai.

Washegari ta biya shagon bayan an tashi daga makaranta. Injin yana ta ƙara yana tofo takardu, Dogo yana jera su. Da ya ga fuskarta ya kashe injin. Ta kwashe komai ta faɗa masa.

Ya zauna a kan kwalin takardu ya dafe kai. "To in fasa jarrabawar. Wallahi zan iya. In zauna a nan in ci gaba da aikina."

"Ka fasa, kullum ka dube ni ka ga wadda ta kashe maka buri? A'a."

"In na tafi kuma na rasa ki."

"Na sani!" Ta fashe da kuka. "Gaba kura, baya sayaki. Ni ban san me zan yi ba."

Ya ce a hankali, "Umma ta fi mu gaskiya a waje ɗaya. Kin rusa hujjarta, amma rusa tata bai gina tamu ba. Shaida ta nema, ni kuwa ba ni da ita yanzu. Irin wannan shaidar ba a faɗinta da baki."

"To sai yaushe?"

"Ban sani ba, Auta."

Ya zauna jarrabawar, ya kuma ci da maki mai kyau. Ranar da sakamako ya fito, Auta ta shige banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji ta, ba ta ma san kukan murna take yi ko na baƙin ciki ba. Da ya zo sallama, Umma ta aiko cewa ba ta jin daɗi. Ya gaishe ta daga bayan ƙofa ya tafi.

Daga nan rayuwa ta yi wa Auta tsaye. Umma ba ta matsa mata da kowa ba, amma ba ta sassauta ba. 'Yan uwa in sun zo sai habaici: "Har yanzu ana jiran lauya? Allah ya sa ba jiran gawon shanu ba ne." Ƙawayenta suka yi aure ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci karatu ya sha kan Dogo, kiransa ya yi ƙaranci, sai ta kwanta tana kallon waya, maganar Umma tana mata amsa-kuwwa a kunne. Ba ta da wanda za ta kai wa ƙara, don Yaya ma gaisuwa ce kawai tsakaninsu, duk da Auta ta ba ta haƙuri har ta gaji.

Shi kuwa duk hutu sai ya zo. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya gaida Umma, ta amsa da "lafiya" guda ɗaya. Ya tashi ya tafi, hutu na gaba ya sake dawowa.

A shekararsa ta ƙarshe sai ga wata masifa. Tsohon mijin Yaya ya dawo gari, ya shigar da ƙara yana neman a ba shi 'yarsa. Dalilinsa shi ne Yaya ta kama aiki a wani shagon magani, wai mace mai wuni a waje ba za ta iya tarbiyya ba. Gidan ya rikice. Yaya ta daina cin abinci, ko makaranta ba ta son yarinyar ta je. Umma sai zagaye tsakar gida take tana salati.

Auta ba ta roƙi Dogo komai ba, labari kawai ta ba shi. Kafin mako ya ƙare sai ga shi da jakarsa, tare da lambar wata babbar lauya da ya yi koyon aiki a ofishinta, wadda ta yarda za ta tsaya musu. Shi ba shi da izinin tsayawa gaban alƙali tukuna, amma ya zauna da Yaya a falo yana shirya ta.

"Yaya, mu warware maganarsa zare-zare. Ya ce mai aiki ba ta iya riƙon yaro. Shi ba ya aiki?"

"Yana yi," in ji ta a sanyaye.

"To ma'aunin da ya auna ki da shi ya kayar da shi. Sannan ya ɗauka in kin fita yarinya ita kaɗai take. Haka ne?"

"Umma na nan. Auta ma."

"Madalla. Kada ki zage shi a can, ko ya tsokane ki. Halinsa daban, tambayar daban. Ki faɗi abin da ya faru kawai: wa ya kai ta asibiti, wa ya san sunan malamarta."

Yaya ta fara magana muryarta na rawa, ya dakatar da ita, ta sake, ya sake gyara mata, ba gajiya ba tsawa. Umma na bayan labule tana jin komai.

Ranar zaman kotu, Yaya ta tsaya ta yi bayani tiryan-tiryan. Da lauyar ta tambayi mutumin ajin da 'yarsa take, sai ya hau kame-kame. Alƙali ya bar yarinyar a hannun uwarta, ya ba uban damar ziyara.

Suna dawowa gida, Dogo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce zai wuce tasha, don yana da darasi washegari. Yaya ce ta riƙe hannun Umma.

"Umma, ki daina hukunta shi da laifin da aka yi mini. Ni aka cuta, kuma ni na ce wannan ba irinsa ba ne." Ta juya ta rungume Auta, su biyun suka saki kuka.

Umma ta share ido da gefen mayafi. "Kai, shigo ka zauna, ɗana. Za ka kama hanya ba ka ci komai ba?" Dogo ya daskare, don bai taɓa jin ta kira shi haka ba. "In ka gama karatun, ka turo min iyayenka."

Bayan ya kammala aka yi aurensu, ya kama aiki a garin, ba nisa da gidan Umma.

Ilimin hujja abu ne mai kyau, yana tsare mutum daga ruɗu, amma zuciyar uwa da ta taɓa ƙonewa ba a warkar da ita da cin gardama. Abin da baki ya kasa tabbatarwa, hali da haƙuri su ke tabbatar da shi. Mahaƙurci, mawadaci.