Kunun Inna Kande

"Kin sha ko ba ki sha ba?!"

Rumasa'u ta sunkuyar da kai, jaririyarsu 'yar kwana ashirin tana cinyarta. Mijinta Labaran ya buɗe kwanon da ke gefen katifa... wayam! Ta shanye kunun kanwar tas.

"Haba Rumasa'u! Me likita ta ce? Haihuwa ta raunana miki zuciya. Ɓangaren hagu na tara miki ruwa a huhu, na dama ya kumbura miki ƙafafu. Ba gishiri, ba kanwa!"

"Masoyi... Inna ce fa. Tun daga Malumfashi ta taho da kanwar nan. Ta dama da hannunta, ta zauna ta sa ni a gaba... in ce mata me?"

"Ƙwayoyin da likita ta ba ki fa?"

"Wai fitsarin da suke sa ni zai ƙafar da nono. Suna ƙulle a haɓar zaninta."

Ya fice a fusace. Inna Kande na tsakar gidan hayarsu na Dutse Alhaji, tana iza wa tukunyar wankan jego wuta. Surukarsa ce, ko ido bai taɓa haɗawa da ita ba. Yana durƙusawa maganar ta maƙale.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yauwa ɗan nan. Ka ga yadda jego ya karɓe ta? Har ƙafa ta yi ɓul-ɓul! Takwas na haifa, duk da kunun nan na miƙe."

"Haka ne... Allah Ya saka da alheri."

Ya ja tasinsa ya nufi Wuse, da niyyar da yamma ya roƙi maƙwabciyarsu Christina, ma'aikaciyar jinya, ta fahimtar da tsohuwar.

Ko azahar ba a yi ba Christina ta kira. "Oga Labaran, zo asibiti yanzu-yanzu! Matarka ba ya numfashi!"

A zaune ya sami Rumasa'u, kwanciya ta gagara. An yi mata allurar janye ruwa, an ɗaura mata robar iska, kumfa jaja-jaja na bin leɓenta. Ta laluɓo yatsansa.

"Kada... Inna ta sani... ka yi min alkawari..."

"Na yi, rabin raina! Ke dai ki numfasa!"

Ana kiran la'asar ta cika.

A baranda Inna Kande ta tare shi, jaririyar a goye.

"Ɗan nan, me na rage mata? Wallahi ko rana ɗaya ban tsallake ba!"

Labaran ya durƙusa, hawaye na ɗiga a siminti.

"Ba ki rage komai ba, Inna. Kwana ne ya ƙare."