Rigar da Ta Yi wa Yusrah Yawa

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, wadda ta zo daidai da sha ɗaya ga azumin Ramadan, aka kai ƙara ofishin 'yan sanda cewa an fasa ɗakin ajiyar wani shagon tufafi a babbar kasuwar Jimeta. Abin da ya ɓace dogayen rigunan mata ne guda arba'in da uku, da abaya goma sha takwas, dukkansu kayan Sallah. Aka ɗora binciken a wuyan Sufeto Othniel, mutumin Numan, wanda ya kusa ajiye kaki.

Mai shagon, Madam Akuabata, ta zo Jimeta tana amarya a 1994. Mijinta Hyacinth yana cikin waɗanda bam ya kashe a wannan kasuwa da yammacin huɗu ga Yuni, 2015. Ita kuwa wani tela mai suna Hamajoɗa, wanda rumfarsa ke kallon shagonta, shi ya jawo ta daga ƙarƙashin kwano da garwashi. Tun daga ranar take kiransa Bappa.

Kafin Sufeto ya iso, 'yan kasuwa sun riga sun kama Hamajoɗan nan sun miƙa shi ofis.

Wanda ya tare shi a bakin shago Ekene ne, ƙanin marigayi Hyacinth, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda ke taya Madam kula da kaya.

"Oga, aiki ya ƙare ai," in ji Ekene. "Ni da idona na ga rigarmu a rumfar tela, ya ɓoye ƙarƙashin yadi."

"Yaya aka yi ka san taku ce?"

Madam Akuabata ce ta amsa, idanunta sun kumbura. Ta juya wuyan wata riga ta nuna masa ɗan ƙullin koren zare.

"Bayan bam, an tara kayan mutane wuri ɗaya, kowa yana cewa nawa ne. Tun lokacin, duk riga da ya shigo shagona sai na ɗaura masa wannan. Riga nawa ne, Oga. Amma Bappa ba ɓarawo ba ne. Abeg, ka duba da kyau."

Sufeto ya shiga ɗakin ajiya. An yanke kwaɗon ƙofa da zarto, ga garin ƙarfe nan a ƙasa. Ya ɗaga kwalayen da aka kwashe, ɗaya bayan ɗaya. A cikin na can ƙasa ya tarar zanzaro ya gina gidansa na laka, har ya bushe.

Ya daɗe yana kallon ginin nan. Zanzaro ba ya gini a kwalin da ke cike da kaya, ba ya kuma gamawa a dare guda. Ko da wa ya yanke kwaɗo jiya, wannan kwali ya yi makonni babu komai a cikinsa.

"Su wa ke riƙe da makulli?"

"Ni da Madam," in ji Ekene. "Amma ɓarawo ba ya neman makulli, Oga."

A ofis ya tarar da Hamajoɗa zaune bayan kanta, dattijo siriri mai furfura, yana jan carbi. Dipi'o ya riga ya ce ranar Alhamis za a gurfanar da shi a kotu, ƙungiyar 'yan kasuwa kuma ta ce duk wanda aka kai kotu kan sata ya rabu da rumfarsa ke nan.

"Bappa, ina ka samo rigar nan?"

"Wajen wani mai talla na saya."

"Sunansa?"

"Ban tambaya ba."

Sufeto ya shimfiɗa rigar a kan tebur. Shuɗiya ce mai duwatsu a ƙirji. An kama gefunanta biyu da fil, an ja layin alli a ƙasa inda za a rage tsawo.

"Wanda ya sayi riga don ya sayar ba ya rage ta. Wannan an auna ta a jikin wata mace, gajeriya, marar jiki. Wace ce?"

Hamajoɗa ya sunkuyar da kai.

"Sufeto, an ba ni amana."

"Amanar za ta kai ka gidan yari, ta kuma cinye maka rumfa."

"To, Allah ya sani. Bakina dai ba zai faɗa ba."

Sufeto Othniel ya yi aiki a Yola har ya san cewa dattijon Bafillace idan ya rufe baki a kan kunya ko amana, tsawa ba ta buɗe shi. Bai ɓata ƙarfinsa ba. Ya yi lissafi mai sauƙi: mai riga tana son rigarta kafin Sallah, za ta zo da ƙafarta.

Washegari da hantsi ya sa kayan gida, ya buɗe rumfar telan, ya zauna kusa da keken ɗinki. Zafin Maris na Yola ya dafa shi sarai. Gab da azahar sai ga wata budurwa gajeriya ta sauka daga Keke Napep, domin tun 2012 aka hana babura a garin. Ta leƙo tana kare fuskarta da mayafi daga ɓangaren shagon Madam.

"Sannu, Baba. Ina Bappa?"

"Shuɗiyar riga kika zo karɓa?"

Ta yi turus. Ya nuna mata katinsa, ya gaya mata inda Bappa ya kwana da dalilin kwanansa. Yarinyar ta zauna a kan benci ba tare da an ce ta zauna ba.

Sunanta Yusrah, ɗaliba ce, gidansu yana cikin tsohon garin Yola. Gogo, yayar mahaifinta wadda ta raine ta, ita ta aike ta sayen rigar Sallah, ta kuma ja mata kunne cewa shagon Madam Akuabata za ta je, inda gidansu ke sayen kaya tun kafin a haife ta.

"To me ya hana ki zuwa?"

"Rana, ga azumi, ga ciniki. Kuma Madam sai ta sa ka gwada riga biyar tana ba ka labarin kowacce. A waya kuwa ina kwance na gani, na tura kuɗi, mai Keke ya kawo har ƙofar gida. Ta fi araha ma."

"Sai me?"

"Sai na sa ta, na ga mutum biyu za su shiga. A hoto kamar don ni aka ɗinka. Na rubuta musu su canza, suka daina amsawa." Ta share hawaye. "Na kawo wa Bappa ya rage, na roƙe shi kada Madam ta gani, kada Gogo ta ji. Ni na ce ya ɓoye. Wallahi ban san ta sata ba ce."

"Nuna mini inda kika saya."

Ta buɗe wani shafi a wayarta. Babu sunan mutum, babu adireshi, sai hotunan riguna. Sufeto ya lura duka a jikin mutum-mutumi guda aka ɗauke su, irin wanda ake tsayarwa a ƙofar shago. A hoton da rigar ba ta da hannu, kafaɗar hagu ta fito fili. Ta narke ta yi baƙi, kamar an gasa ta.

Ya tsallaka zuwa shagon Madam da ke gabansu. Ya yi sa'a Ekene ya fita. Ya miƙa wa Madam wayar.

Ta duba, ta dafe ƙirji.

"Chineke! Sisi ne!"

"Wace ce Sisi?"

"Mutum-mutumi na Hyacinth. Shi ya sayo daga Aba, shi ya sa masa suna. Yana tsaye a ƙofa ranar bam, wuta ya ci kafaɗa. Bayan na fito asibiti ban iya kallonsa ba. Na ce a jefar."

"Wa kika ba ya jefar?"

Madam ta waiga wajen ƙofa. A daidai nan Ekene ya shigo da leda a hannu.

"Malam Ekene," in ji Sufeto, "kana sayar da kaya ta waya?"

"Ni? Oga, ko hoto ban iya ɗauka ba."

"Madam ta taɓa ba ka wani mutum-mutumi ka jefar. Ina ka kai shi?"

"Ah, tsohon labari. Kogin Binuwai na jefa shi, daga kan gada."

"To ruwa ya yi mana kirki. Ya dawo da shi, har ya sa masa rigar da ta shigo Jimeta a watan jiya."

Ya juya masa fuskar wayar. Ledar ta suɓuce daga hannun Ekene.

Da la'asar suka isa ɗakin Ekene a unguwar Damilu, da kofur biyu da mai unguwa. Sisi tana tsaye jikin taga inda haske ya fi kyau, sanye da baƙar abaya. A ƙarƙashin gado aka zaro zarto da sauran kayan, kowace riga da ƙullin koren zarenta.

Ekene ya zauna bakin katifa ya riƙe kai.

"Na sha gaya mata kasuwa ya mutu, yanzu waya ne kasuwa. Ta ce ita sai mutum ya zo ya taɓa yadi da hannu. Na ɗauki riga ɗaya don in nuna mata. Kafin in ci abinci an saye. Sai na ɗauki biyu. Daga nan ban iya tsayawa ba."

"Kwaɗon fa?"

"Ta ce wannan mako za ta fito da kayan Sallah. Za ta ga kwali babu komai."

"Telan fa? Me ya yi maka?"

"Na ga rigar a rumfarsa, ban san yadda ya kai can ba. Na ce Allah ya ba ni mafita."

Madam Akuabata tana tsaye a bakin ƙofa.

"Mutumin da ya ɗauko ni daga wuta, Ekene. Mutumin da ya rufe gawar yayanka da rigarsa. Shi ka ce mafita?"

Kofur ya sa wa Ekene ankwa, aka fita da shi zuwa mota, maƙwabta suna leƙe ta katanga.

An saki Hamajoɗa kafin a sha ruwa. A harabar ofis ya tarar da Madam, da Yusrah, da wata tsohuwa mai sanda. Yusrah ce ta je da kanta ta gaya wa Gogo komai, Gogo kuwa ta ce sai an kawo ta.

"Hamajoɗa," in ji tsohuwar, "ka kwana a sel saboda kunyar 'yar da ko kunyar ba ta gama koya ba?"

"Adda, amana ba ta da ƙarama."

Yusrah ta durƙusa a gabansa tana kuka. Ya ce ta tashi, ya ƙara da cewa rigar tata da sauran aiki, hannun dama bai zauna ba.

Madam ta buɗe kular da ta zo da ita: kunun gyaɗa, da ƙosai, da dabino. Ita da Sufeto ba masu azumin Ramadan ba ne, amma babu wanda ya taɓa kofi sai da ladan ya kira magariba.

Hamajoɗa ya kurɓi kunu, sannan ya kama hannun Sufeto da hannu biyu.

"Useko, na gode. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini."

"Ka gode wa zanzaro, Bappa, da rigar da ta ƙi zama daidai. Da ta yi wa yarinyar nan cif, da har yanzu ba mu san ɓarawon ba."

"Ka ji ko?" Madam ta ce wa Yusrah, tana dariya tana share ido. "Waya ba ya auna mutum, my daughter. Amma yau na gode wa waya ɗin naki."

Kotun majistare ta ɗaure Ekene wata goma sha takwas. Yusrah ta yi Sallah da shuɗiyar rigar, domin Madam ta ce kyauta ce, bayan kotu ta saki rigar daga kayan shaida, Hamajoɗa kuma ya ƙarasa ragin. A watan Mayu Yusrah ta buɗe wa shagon Madam shafi a waya, inda ake ganin kaya daga gida amma a zo a gwada kafin a biya. Sisi ta koma ƙofar shago, kuma Madam Akuabata ba ta rufe kafaɗar da ta ƙone ba.