Ta Uku a Takardar Yaya Valli

"Ni ce ta uku, Kadir?"

Amudha ta riƙe takardar da yatsu biyu kamar ta ɗauko ƙazanta. Suna tsaye kan baƙaƙen duwatsun bakin tekun Pondicherry a ƙasar Indiya, hantsi ya fara ɗagawa. A aljihun rigarsa ta tsince ta, rigar da ya ba ta jiya ta ɗinke masa maɓalli.

Rubutun yayarsa Valli ne. Gidaje biyar da suka gaji takardun zama 'yan Faransa tun zamanin Turawa, kowane gida da budurwarsa. Duk wanda ya auri ɗaya, hanyar Faransa ta buɗe masa.

"Amudha, hasken idona, ki tsaya ki ji..."

"Kar ka ƙara kirana haka! Ta ɗaya fa? Me ya hana?"

"An yi mata miji."

"Ta biyu?"

Ya sunkuyar da kai. "Karensu ya kore ni."

Dariya ta so ƙwace mata, sai hawaye suka riga ta.

"Wata takwas kana zuwa filin tsofaffin sojoji kana jifan ƙwallon ƙarfe da Kakana. Ko sau ɗaya ba ka taɓa ci ba! Ina cewa, wayyo, don ni yake shan wannan kunyar. Ashe don jirgin Faransa ne."

Kadir ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yana son ta, wannan ba ƙarya ba ne. Tun ranar da ya gan ta tana yanke wa tsohon farce tana yi masa tsiya ya manta da Faransa. Sai dai abin da ke cin ransa shi ne: da ba ta tsinci takardar ba, zai taɓa faɗa mata? Ya laluba zuciyarsa, ya tarar ba zai faɗa ba.

"Da takardar na zo," ya ce a hankali. "Kuma da ba ki gani ba, da na ɓoye miki har in mutu. Ba ni da abin kare kaina."

Ta share hawayenta.

"To ji. Ba inda za ni in bar Kaka. Ko bayan ransa ba zan sa maka hannu a takarda ba. In haka ta yi maka, je ka faɗa wa Yaya Valli da bakinka. Yanzu!"

Ta cusa masa takardar a hannu ta juya.

A kasuwar kifi ya sami Valli tana ƙanƙare ɓawon kifi da wuƙa. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, ga 'ya'ya mata uku, ga hannuwa duk tsaga saboda gishiri.

"Bature! Yaushe za mu je neman auren?"

"Yaya... ta gani."

Wuƙar ta tsaya.

"Ta ce ba Faransa, har abada. Ni kuma ita nake so. Ki yafe mini, na san da ni kika dogara."

"Sakarai," ta ce. "Takarda irin wannan ake bari a aljihu?"

Ta karɓi takardar daga hannunsa ta karanta rubutun kanta, sunayen 'ya'yan mutane a jere kamar farashin kifi. Ta dubi babbar 'yarta da ke wanke kwando a gefe. Sai ta goge wuƙarta da takardar, ta jefa cikin kwandon shara.

Ta zaɓi kifin da ya fi kowane girma a teburin, ta naɗe a ganyen ayaba, ta miƙa masa tana kallon ƙasa.

"Kai wa ƙanwata Amudha. Ka ce mata zan zo da kaina in gaida Kaka... ranar da na iya haɗa ido da ita."