Cinikin Jar Hanya

Na rasa hanya guda, na kuma rasa mutumin da nake kira ƙanena. Abin da na samu shi ne 'yata, tana tafiya da ƙafafunta biyu. Wanda ya ce an ci ni a wannan ciniki, ya zo ya faɗa mini a gabana.

Gidanmu shi ne na ƙarshe kafin daji. A bakin ƙofarmu kwalta ke ƙarewa, sai hanyoyin tsakuwa su shige cikin itatuwa, su hau tudu, su gangara kwari, inda mota ba ta shiga, babur ma an hana. Abin da ke kawo mana mutane ke nan. Su zo daga gari da hulunan kwano da gorunan ruwa, su karɓi keke haya, su yini suna hawa da gangara, su dawo da ƙura har gira suna dariya. Marigayi mijina ne ya share hanyoyin da hannunsa, guda uku, ya shafa wa duwatsu fenti don kada baƙo ya ɓata. Ni karatuna bai taka kara ya karya ba, amma launi ba ya neman boko. Fara ta yara ce da masu tumbi. Shuɗiya ta bi bakin ƙorama. Ja kuwa ita ke hawa har ƙolin tudu, inda ake hango dajin gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafa, kuma saboda ita ake zuwa.

Da ya rasu, rumfar kekuna ta dawo hannuna. 'Yata ke gyara. Tun tana ƙarama take miƙa wa ubanta sifana, shi ya sa kowa ke ce mata Injiniya. Ƙanin mijina shi ke raka baƙi, kuma kwanonsa bai taɓa yin kwana babu abinci a gidana ba. Yakan ce, "Matar Yaya, ke ko iskar famfo sai kin sayar." In ce, "In ka samu mai saye, turo shi."

Mijina ya ɗaura wa kowane keke ƙararrawa. A jar hanya akwai wata kwana a gindin wani tsagaggen dutse, inda ya kafa doka: kowa ya kaɗa sau uku kafin ya sha ta. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce ladabi ne. Bayan rasuwarsa ƙanin ya ce baƙi na yi mana dariya, wai kekunanmu kamar na masu talla. Ya kwance ƙararrawar duka, ya zuba a wani tsohon gwangwanin fenti. Ban hana shi ba. Wannan kason laifina ne, kuma ba na gudunsa.

Wata rana da yamma, rana ta yi ja, inuwar tudu ta fara rufe tsakar gida, ƙanin mijina ya dawo shi kaɗai yana turo keke, tayar gaba ta lanƙwashe. Ya ce dutse ya daka. Na ajiye masa abinci, bai ko buɗe ba.

Injiniya na zaune tana faci, ni ina kwashe shanya, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Tas. Tsuntsayen da ke hayaniya a irin wannan lokaci babu ko ɗaya. Sai wani ya sake faɗowa, ya gangaro a hankali, ya tsaya a gaban ƙafata. Na duƙa na ɗauka. Jar tsakuwa ce, irin wadda ba a samu sai can saman tudu, kuma da ɗumi a jikinta kamar an fito da ita daga hannun mutum.

"Mama," in ji Injiniya, murya ƙasa-ƙasa, "dubi rumfa."

Kekunan da muka rataye, tayoyinsu na juyawa su kaɗai, a hankali, babu iska. A cikin gwangwanin da ke rufe, ƙararrawa ta yi ƙara sau uku.

Kwana uku muna haka. Da zarar rana ta kusa faɗuwa sai jifa, in duhu ya gama shiga sai ya tsaya. A rana ta huɗu Injiniya ta miƙe za ta ɗauko famfo, ta yi ƙara ta faɗi. Ƙafarta ta dama ta ƙi takuwa. Muka kai ta asibiti, aka haska, aka ce ƙashi lafiya lau. Muka dawo da ita tana jan ƙafa, ba ta ci, ba ta magana, idonta na kan tudu.

Ƙanin mijina ne ya ɗauke ta a kafaɗa ya shigar da ita ɗaki. Da na ce zan kira malam, ya ce, "Matar Yaya, kada ki tara mana mutane. In labari ya fita, wa zai sake zuwa haya?" Na ce masa kasuwa ta mutu in dai 'yata za ta tashi.

Malamin tsoho ne siriri, mai magana kamar ba ya son ya tashi wani daga barci. Ya iso gab da faɗuwar rana, ya nemi ruwa a kofi, ya zauna a kusa da kanta ya fara karatu. Ƙanin mijina ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Tsakuwa ta fara sauka kan rufi kamar ƙanƙara. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba. Can sai Injiniya ta tashi zaune, ta naɗe ƙafar da ta ƙi takuwa, ta dube mu da idon da ba nata ba.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

Muryar tsohuwa ce, mai kauri, mai gajiya.

Malam ya ce, "Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Gidana ke gindin tsagaggen dutse. Mai gidan nan ya zo ya nemi izini kafin ya sara ko reshe ɗaya. Muka ce ya wuce, amma a riƙa kaɗa mana ƙararrawa mu kwashe yara daga hanya. Ya riƙe alkawari har ya mutu. Yanzu ɗana na kwance da karyayyar ƙafa."

"Yarinyar ce ta take shi?"

Hannun 'yata ya ɗaga a hankali, ya nuna bakin ƙofa.

"Wancan ne. Yayansa ya gaya masa komai tun yana da rai. Da na riƙe shi a wurin, ya yi ta kuka, ya rantse mini keken ba nasa ba ne. Ya ce 'yar gidan ce ta ɗaura birkin, ita ta sa bai kama ba. Da bakinsa ya kwatanta mini gidan nan."

Na juya na dube shi. Mutumin da na dafa wa abinci shekara da shekaru, wanda ya ɗauki yarinyar nan a kafaɗa ranar da aka haife ta da ranar da ta faɗi. Ya sunkuyar da kai.

"Matar Yaya, tsoro ne..."

"Rufe mini baki. Birkin Injiniya bai taɓa ƙin kamawa ba, kai ma ka sani."

Malam ya ce wa aljanar, "Kin ji an yi miki ƙarya. Ki ji tsoron Allah ki fita daga jikin wadda ba ta yi miki komai ba."

"Zan fita. Amma a rufe dajin duka. Kada taya ta sake taka tsakuwarsa."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Albarka."

Malam ya juyo da sauri. "Baiwar Allah, ba kasuwa muke ba."

"Malam, ita ta sa farashi. Wanda ya sa farashi ya buɗe ciniki." Na ja kujera na zauna daidai fuskarta. "Ke uwa ce, ni ma uwa ce. Dajin nan da shi nake ciyar da wadda kike zaune a jikinta. Fara da shuɗiya ba su ko kusanci gidanki ba. Na mayar da ƙararrawa, na sa doka a kwanar, shi ke nan."

Ta yi wata dariya da ta sa kofin ruwa ya girgiza. "Doka? Na ga yadda dokarku ke mutuwa da mai ita. Albarka, ni ma."

"To, a daina bin ja da yamma."

"Ɗana da safe ma yana wasa."

"In karkatar da hanyar ta bayan dutsen."

"Bayan dutsen ɗakin surukata ne."

Jifa ya tsaya. Hasken da ya rage a taga ya koma toka-toka, ina jin numfashin 'yata na fita da ƙyar. Sai muryar ta sauko, ta yi laushi, irin laushin mai son ya sayar maka da abin da za ka yi nadama.

"Akwai mai sauƙi. Ki bar mini wancan, ƙafa da ƙafa. Ki ce kin ba ni shi, in bar miki hanyoyinki uku."

Na ji ya zube a bakin ƙofa yana kiran sunan Allah. Ba zan ɓoye ba, kalmar ta zo har kan harshena, kuma ta yi mini daɗi. Na daɗe ina juya ta.

Na ce, "Tunda nake ban taɓa sayar wa kowa ruɓaɓɓen kaya ba, ba zan fara da ke ba. Shi daga yau ba nawa ba ne, balle in bayar. Ya tashi ya bar mini gida da ƙafafunsa, ya je ya ji da Allah."

Ya fita da rarrafe. Ban bi shi da kallo ba.

"To me za ki ba ni?" in ji ta.

Na rufe ido. Na ga mijina a kan tudun nan da gatari da gwangwanin fenti, rigarsa sharkaf da gumi. Na buɗe ido na ga ƙafar 'yata.

"Jar hanya, daga inda ta rabu da shuɗiya har ƙolin tudu. In kankare fentin da hannuna, in tare bakinta da ƙaya, ciyawa ta cinye ta. Ke kuma ki sakar mini yarinya yanzu, da ƙafarta yadda kika same ta, kada ko tsakuwa ɗaya ta sake sauka a rufina. Fara da shuɗiya nawa ne, ni da jikokina."

"Har abada?"

"Har abada. Na sallama."