Gaisuwar Tsaye

Wayar na ɗaure a ƙugun Uwani, cikin wata 'yar jaka a jikin ɗamara, tana sauraron takunta. Ta ɗaga ƙafar dama, wayar ta ji. Ta jawo ta hagu, wadda shanyewar ɓarin jiki ta bari da nauyi, wayar ta ji wannan ma, ta kai rahoto asibiti tun ƙafar ba ta gama sauka ba.

Manhajar da ke cikin wayar sunanta Bin-Sawu. A birnin Tudun Haske, inda benaye suka yi tsawo har gajimare ke goge tagoginsu, an daina ajiye mai jinya a gadon asibiti. Da mutum ya fara miƙewa sai a ɗaura masa waya a sallame shi. Cikinta akwai wata na'ura mitsitsiya da ke auna girgiza da karkata; ita ke gane tsawon taku, da ƙafar da ake ja, da lokacin da jiki ya yi ƙasa. In ta ga an faɗi, ba ta shawara da kowa. Jirgin asibiti marar matuƙi take kira, wanda matan tsohuwar unguwa suka laƙaba wa Shirwa, don kamar shirwa yake sauka tsakar gida ya sure mutum.

Waɗanda suka ƙera ta sun yi tunani, kada a ci haƙƙinsu. Sun koya mata salla: ta san lokaci, ta san alƙibla, ta san sujada ba faɗuwa ba ce. Abu ɗaya suka manta.

Uwani tana da suruka, Iya Gwamma, tsohuwa mai nauyin kunne da kaifin baki, a ɗakin da ke bakin zaure. Tun ranar da aka kawo Uwani amarya, har ga shi ta aurar da 'ya, gari bai taɓa wayewa ba ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakin nan ba.

Washegarin sallamarta ta lallaɓa ta je. Ƙafar hagu ta ƙi lanƙwasuwa da daɗi, gwiwa ta bugi ƙasa. Ba ta kai ƙarshen ina kwana ba, Shirwa ta rufe hasken tsakar gida, ta sako raga, ta yi sama da ita da takalmi ƙafa ɗaya. Maƙwabta kuwa, waɗanda ko dubiya ba su zo ba, duk sun sami lokacin leƙowa ta katanga. Kafin azahar labari ya kai bakin kasuwa wai Uwani ta suma, kafin la'asar wai har an fara haƙa.

A asibiti Likita Nafi'u, wani saurayi mai haƙuri, ya duba ta bai ga komai ba. Ta ce masa gaisuwa take yi. Ya yi dariya, ya ce shi ma haka mahaifiyarsa take yi wa tata surukar, ya kuma yi alkawarin rubuta wa kamfanin. Sai dai manhajar a wata ƙasa ake gyara ta, kuma gyaran sai ya bi layi.

Ta dawo gida ta shiga dabaru. Ta riƙe ƙyaure ta sauka a hankali, Shirwa ta zo. Ta shimfiɗa matashi, Shirwa ta zo, har da matashin ta tafi. Ta kwance ɗamarar ta ajiye kan turmi, wayar ta ji babu ɗumin jiki ta kama kururuwa kamar an taka jelar kare. Ta zauna ta yi wa Iya bayani da ƙarfi a kunne, tun daga na'ura har kamfani. Tsohuwa ta gama ji ta taɓe baki.

“Ni da na yi ciwon ƙafa, da rarrafe na je na gaida uwar mijina. Ba mu da waya.”

Ana cikin haka likita ya kira, hoton fuskarsa ya bayyana a jikin bangon ɗaki, babu dariyar nan.

“Hajiya, ni na san ba faɗuwa kike yi ba, amma ba ni ke yanke hukunci ba. Na'ura ta sa ki cikin masu yawan faɗuwa. In aka sake ɗauko ki, Gidan Jinya za a wuce da ke, sai bayan damina.”

Nan fa Uwani ta shiga lissafi. 'Yarta ta fari ta dawo gida goyon ciki, haihuwa yau ko gobe. Wa zai dafa ruwan wankan jego? Wa zai dama kunun kanwa, ya gasa cibi? Iya da ba ta iya ɗaga buta? Ta kai ƙara wurin maigida, shi kuwa, kun dai san maza, ya ce tsakanin uwarsa da na'urar gwamnati ba ya shiga, ya ɗauki hularsa.

Da safe Uwani ta ja ƙafa zuwa bakin zaure. Ta tsaya. Gwiwoyinta da kansu suka fara neman ƙasa, ta damƙi dogarin ƙofa ta hana su.

“Iya, ina kwananku? Kun tashi lafiya?”

Iya Gwamma ta dube ta tun daga ƙafa, ta yi ta ɗaga kai, ta yi ta ɗagawa, har ta kai fuska. Ba ta taɓa ganin tsawon matar ɗanta ba sai ranar. Ta jawo mayafi ta juya ta fuskanci bango.

A ƙugun Uwani wayar ta yi wata 'yar ƙara mai daɗi, ta ce da muryar nan tata mai sanyi: “Barka, yau babu faɗuwa. Kina samun sauƙi.”

An haihu lafiya, Uwani ta yi wa 'yarta wanka har aka yi arba'in. Iya ta karɓi jaririn daga hannun kowa ban da nata.

Labari ya bazu, duk wata mai ɗamara a unguwa ta koyi darasi. Ba a jima ba hukumar birni ta ba da sanarwa cewa faɗuwa ta ragu ƙwarai a tsohuwar unguwa, don haka za a ɗaura wa kowa Bin-Sawu, mai ciwo da mai lafiya. Kamfanin ma ya amsa wa Likita Nafi'u: tunda matsalar ta kau, babu buƙatar gyara.

Yanzu in ka ratsa Tudun Haske da safe, kowa a miƙe yake ƙyam, babu mai faɗuwa. A ɗakunan bakin zaure kuwa tsofaffi na zaune, sun ba ƙofa baya.